Shekarun da Na Yi Karatu da Goyo

Lokacin da jami'a ta ba ni gurbin karatu, 'yata ta fari ko zama ba ta fara ba. Maigidana ne ya fara ganin labarin a wayarsa, yana shagonsa na kayan masarufi a kasuwar Sabon Gari. Ya rufe shagon da rana tsaka, ya hau babur ya zo gida unguwar Muchia don ya gaya mini baki da baki. Tun kafin aurenmu ya yi mini alkawarin zan ci gaba da karatu, na kuma sha zana jarrabawar shiga ban dace ba. Wannan karon aka ba ni sashen koyar da kimiyyar sinadarai, wato kemistiri. Na yi murna har da hawaye. Sai da na zauna ina shayar da yarinyar na dube ta, na ce a raina, to ke kuma fa?

Gida ɗaya muke da mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Hajiya. Da son ranta ne da ita za ta riƙe jikarta, amma ciwon gwiwa ya sa ko tashi daga tabarma sai ta dafa bango, ga shi yarinyar ba ta karɓar komai sai nono. Mahaifiyata kuwa tana can garinmu, nesa. Don haka na saɓa goyona na shiga jami'a.

Kullum da safe nakan fito bakin titi in hau bas ɗin Samaru, jaka a gaba, yarinya a baya. Har kwandastoci suka saba da ni, da sun hango ni sai ka ji suna cewa a matsa wa mai goyo. A zauren lakca kujerar ƙarshe nake zama, kusa da ƙofa. Idan tana barci, in yi rubutu da sauri kamar ana bina. Idan ta farka da kuka, malami ya ɗan tsaya da magana, sai kawunan ɗalibai su juyo gaba ɗaya. Sai in tattara in fita, in tsaya bayan taga ina jijjiga ta ina kasa kunne, rabin maganar na zuwa, rabi iska na tafiya da shi.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan ɗakin gwaje-gwaje, wanda muke ce wa lab. Ranar farko na sa farar rigata a kan goyon, na nufi ƙofa, sai mai kula da ɗakin ya tare ni.

“Ki yi haƙuri, Malama, ba a shiga da yaro. Akwai asid, akwai wuta, akwai hayaƙin da ko babba ya shaƙa sai ya yi tari.”

Gaskiya ya faɗa, ban yi musu ba. Duk ƙawayen da zan iya ba wa riƙo suna ciki tare da sauran 'yan ajin. Wata rana na bar ta wurin wata mai sayar da awara a gindin bishiya, amma hankalina bai zauna ba, har na fasa kwalbar gwaji. Daga nan sai na riƙa tsallake ranakun lab, ina cewa zan rama a gaba.

Da sakamakon zangon farko ya fito, na sha da ƙyar a sauran darussa, na faɗi waɗanda ke da lab. Na dawo gida na gaya wa maigidana cewa zan dakata sai na yaye yarinyar. A raina kuwa na san in na zauna na zauna ke nan. Sai ya ce, “To, ki je ki gaya musu da bakinki, kada ki ɓace musu haka kawai.”

Akwai malamar da aka ɗora wa kula da 'yan ajinmu, dokta ce, 'yar asalin cikin birni, mai ƙaramar murya, ba ta cika murmushi ba. Tsoronta nake ji, ban taɓa taka ofishinta ba sai ranar. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ta ce in kwance goyon in zauna sosai.

“Ni ma ina neman ki,” in ji ta. “Ni na duba jarrabawarki. Inda kika samu karatun kin amsa da kyau. Ba fahimta ce ta gagare ki ba, lab ne ba kya shiga. Me ya hana ki zuwa ki gaya mini tun farko?”

Na ce, “Malama, na ɗauka matsalar tawa ce ni kaɗai.”

“In ɗalibata ta faɗi, matsalar har da ni. Kina son karatun ko ba kya so?”

“Ina so.”

“To maida goyonki, mu je wani wuri.”

Na zaci wani ofishin za mu shiga. Sai na ga mun fita ta ƙofar jami'a a ƙafa, mun tsallaka titi, mun shiga Samaru. Muka bi ta gefen kasuwa, muka wuce masu ɗinki da masu kwafin takardu, har wani ƙaramin gida mai shuɗiyar ƙofa da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Wata dattijuwa na zaune a baranda tana tsinar wake, da tabarau a kan hanci. Tana ganin Dokta ta ajiye tiren ta ce, “A'a, 'yata, yau kin tuna da ni?” Abin mamaki sai na ga Doktar nan da muke tsoro ta durƙusa har ƙasa tana gaisuwa.

A nan na ji labarin. Tsohuwar malamar firamare ce daga kudancin Kaduna, Kirista, ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse wuraren aiki. Kowa Mama yake ce mata. Ita ce ta riƙe wa Dokta ɗanta na fari shekaru da yawa da suka wuce, lokacin da ita ma take ɗaliba mai goyo.

Mama ta miƙo hannu, yarinyar kuwa da ba ta yarda da baƙo ta tafi wurinta, ta kama igiyar tabarau tana ja.

“Wannan ta riga ta yanke hukunci,” in ji Mama tana dariya. “Amma ki je ki yi shawara da mutanen gidanki tukuna. Ba na karɓar ɗan mutane a ɓoye.”

Maigidana ya yarda nan take. Hajiya ce ta ce ba ta ƙi ba, amma ba za ta bar jikarta a gidan da ba ta gani da idonta ba. Na san abin da ke ranta, ita ma ta san na sani. Ranar Asabar aka ɗauko keke napep, muka tallafa mata ta shiga. Da muka isa, Mama ta shimfiɗa mata tabarma, ta sa mata matashi a bayan gwiwa tun ba a roƙa ba, ta ce ita ma ciwon da take fama da shi ke nan. Suka daɗe suna zancen man zafi da ruwan ɗumi kafin a zo kan yarinya. Mama ce ta fara.

“Hajiya, bari in faɗa tun ba ki tambaya ba. Ba abin da zai shiga bakinta sai abin da uwarta ta kawo ko ta amince. Addu'a kuwa zan yi mata a zuciyata kamar yadda nake yi wa jikokina, amma tarbiyyar addininta taku ce.”

Hajiya ta ce, “Allah ya saka da alheri. Addu'ar alheri ai ba a ƙin ta.”

Da azahar ta yi, Mama ta kawo buta, ta nuna mana gabas, ta ce tabarmar ɗakin can tun zamanin Dokta ba a taka ta da takalmi. A hanyar komawa, da muka wuce Kwangila, sai Hajiya ta ce wa ɗanta ya riƙa kai wa matar nan sabulu da man gyaɗa daga shago.

Dokta ta mayar da ni rukunin lab na safe, ta kuma zauna da ni muka rage darussan da zan ɗauka a wannan zangon don in samu in gyara waɗanda na faɗi. Ban so ba, don hakan na nufin 'yan ajinmu za su riga ni gamawa. Ta ce in bar kallon 'yan aji, in kalli abin da zan iya ɗauka. Haka rayuwata ta koma: in ajiye yarinya da safe, in shiga lab da hannu biyu da hankali ɗaya, in an samu tazara tsakanin lakcoci in tsallaka titi in shayar da ita in dawo.

Mama ba ta barin lokacin shayarwar ya tafi haka nan. Da na zauna sai ta ce, “To, malama, me aka koya yau? Koya mini.” Nakan ce ai abin da wuya. Sai ta ce ba malanta nake karanta ba? In ban iya fahimtar da tsohuwa ba, yaya zan yi da yara? Sai in fara yi mata bayani da Hausa, ina misali da kanwa da tsamiya, da yadda kunu ke canza launi in an zuba masa ruwan tsami. Inda na tsaya ina in-ina, nan ne ban gane ba, in na koma sai in tambaya. Ita kuwa wani lokaci tana gyangyaɗi, amma da na yi shiru sai ta buɗe ido ta ce in ci gaba.

Sau ɗaya muka saɓa da Mama. Ranar wata babbar jarrabawa ce, na ajiye yarinyar jikinta da ɗan ɗumi, na ɗauka haƙori ne. Na kashe waya na shiga. Da na fito sai na hango Mama a gindin bishiya gaban zauren, da yarinyar a bayanta, maigidana na tsaye gefe da ledar magani. Ashe bayan tafiyata zazzaɓin ya yi zafi, Mama ta kira shi, suka kai ta asibiti, aka ce na cizon sauro ne, aka yi mata allura. Na karɓe ta, na ce da Mama cikin ɗaga murya, “Me ya sa ba a fito da ni ba? 'Yata ce fa!”

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, “'Yarki ce. Shi ya sa na kawo ta nan na tsaya, ban koma gida ba. Ubanta yana wurin, likita ya gani ya ce ba abin tsoro. Da ya ce akwai, da ni da kaina zan shiga in jawo ki da hannu, ko wa ke tsaron ƙofar.”

Na yi kwanaki ina jin abin a raina. Har yau ban tabbata ko da ni ce zan yi yadda ta yi ba. Amma yarinyar ta warware, na koma na ba Mama haƙurin ɗaga muryar, ta ce uwar da ba ta yi haka ba ita ce abin tsoro.

Sannu a hankali Dokta ta riƙa turo wasu. Wata matar soja daga Basawa mai karanta lissafi, wata daga Jushi mai tagwaye. Da abin ya fi ƙarfin Mama, sai ta gayyato wata ƙawarta daga zumuntar matan cocinsu, mu ma muka tsara cewa duk wadda ba ta da lakca ta zo ta taya riƙo. Barandar ta cika da zannuwan goyo a kan igiya da littattafai a kan tabarma. A nan 'yata ta yi rarrafe, ta tashi tsaye tana dafa gindin gwaiba. An yi dogon yajin aikin malaman jami'a a tsakani, muka zauna gida har na fara mance hanyar lab, amma duk mako sai na kai wa Mama yarinyar ta gan ta, ita kuma ta tambaye ni me na karanta.

Na gama bayan 'yan ajinmu, da sakamakon da ban ji kunyar nuna wa kowa ba. Ranar bikin yaye ɗalibai Hajiya da Mama suka zauna kujera ɗaya a ƙarƙashin rumfa, kowacce da ƙafa a miƙe, yarinyar na kai da komo tsakaninsu. Dokta ta leƙo ta gaishe su, ta ce da ni in zo mu yi maganar digiri na biyu, ta wuce wurin sauran ɗalibanta.

Ba a daɗe ba babban ɗan Mama ya matsa mata ta koma gida kusa da shi, saboda ƙafar ta ƙara tsanani. Kafin ta tafi, Dokta da wasu malamai mata sun yi ta kai da kawo har aka ba su wani ɗan ɗaki a tsangayarmu ta cikin jami'a, aka sa katifu da mai kula, don ɗalibai masu shayarwa. Mama ta je ta duba shi, ta ce taga ta yi ƙanƙanta, a sa raga saboda sauro. Aka sa.

Yanzu ina koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata a Sabon Gari. Maganar digiri na biyu tana nan, ban fara ba tukuna, don na sake haihuwa. Mukan yi waya da Mama ranar Lahadi bayan ta taso daga coci. Yawanci ba ni take nema ba, sai ta ce in ba ta ƙawarta. 'Yar tawa, da yanzu take firamare, ta karɓi wayar ta shige ɗaki, su yi ta hira, ina jiyo ta tana karanta mata abin da aka koya musu a makaranta.