Faɗuwar Umma a Wangsa Maju

Umma ta zo mini zaman jego ne a ƙasar waje, a unguwar Wangsa Maju, sai ga shi ni na koma jinyarta. Ina shayar da jaririya a falo na ji ƙarar bokiti, daga nan shiru. Na tarar da ita kwance a kan tayil ɗin banɗaki, zaninta ya jiƙe, tana ta ƙoƙarin rufe ƙafafunta maimakon ta kira ni.

Ba ta karye ba, amma likita ya ja ni gefe. Ya ce jininta ya hau, ƙafafunta ba ƙwari, hawa jirgi ma ba yanzu ba. In ta sake faɗuwa ƙugu ya taɓu, sai dai gidan kula da tsofaffi, don mai jego ba za ta iya ɗawainiyarta ba. Muka dawo gida. Me zan ce wa yayyena a Kano? Na kai mahaifiyarmu inda ba mai jin yarenta? Maigidana yana jami'a tun safe har magariba. Ko cokali ne ya faɗi a kicin, sai in zabura da jaririya a hannu.

Ana haka wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce 'yar ƙasar, rigarta da tambari, bayanta wani mutum riƙe da akwatin kayan aiki. Ta tambayi tsohuwar gidan. Na ɗauka asibiti ne suka turo a tafi da ita. Na tare ƙofar da jikina na ce ba ta nan, alhali ga tarin Umma yana fitowa daga ɗaki.

Matar ba ta ji haushi ba. A hankali ta yi mini bayani: kwamitin mazauna benen ne suka ɗauko ƙungiyarsu aiki, ganin yadda tsofaffi suke faɗuwa ana kwashe su daga gidajensu. Su nasu shi ne su kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, su riƙa auna jini, su koya wa tsofaffi motsa jiki tun kafin abin ya kai ga kwanciya. Maigadi ne ya gaya musu labarinmu.

"Boleh?" ta ce, wato ko na yarda.

Umma ce ta amsa daga bayana. "Ke, matsa ki ba baƙi hanya. Wa ya koya miki tsayar da mutane a bakin ƙofa?"

Ƙarfen bai ba mu wahala ba, motsa jikin ne aka sha fama. "Ni da girmana in tsaya cikin jama'a ina ɗaga ƙafa?" in ji Umma. Sai da na yi mata kuka sannan ta zura hijabi ta sauka. Nakan leƙa ta baranda in hango ta a ƙasan bene, tsakanin tsofaffin 'yan China da Indiyawa, tana tashi daga kujera tana komawa. Ran nan ta yi tangaɗi, na saki ihu daga sama, wata tsohuwa ta riƙe mata gwiwar hannu suka ci gaba abinsu.

Na taɓa tambayar matar ƙungiyar ko yanzu Umma ta tsira. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, sun dai rage haɗarin. Na so a ce ta yi mini ƙarya.

Bayan 'yan watanni likita ya yarda, Umma ta koma Kano da ƙafarta. Yanzu in na kira ta, takan ce tana koya wa maƙwabtanta tashi daga kujera ba dafawa. In tambaye ta wa ke kusa da ita, ta ce in ƙyale ta haka, za ta yi alwala. Tana ajiye waya nake kiran matar yayana in ce don Allah ta je ta tsaya kusa.