Ƙafafuna a Bayan Yaya Hanne

Wata Laraba da hantsi, a daminar da na shiga shekara bakwai, ina tsakiyar wasan carafke a ƙofar gidan hayarmu na Sabon Gari, Inna ta leƙo ta ce, "Ladi, wanke ƙafarki ki zo." Na shiga ɗaki na tarar da babbar yayata, Yaya Hanne, kwance ruf da ciki a tabarma, ta ciji bakin zanenta, gumi ya jiƙe mata wuya. Inna ta cusa mata tsumma mai zafi a ƙarƙashin mara, ta ce in hau bayanta in dafa bango, in riƙa taka ƙugunta a hankali kamar masu kwaɓa ƙasar gini. Na hau ina tsoro. Da na taka, sai na ji ta saki dogon numfashi ta ce, "Nan, nan, kada ki gusa."

Daga ranar na zama maganin Yaya. Ba wanda ya gaya mini sunan ciwon, na dai lura duk wata yake zuwa, kuma ba ya barin ta zama wuri ɗaya. Ta kwanta, ta tashi, ta durƙusa, ta zagaya ɗaki tana dafe da mara, jirgin ƙasa ya yi kuka a tasha ta ce har cikin hanjinta take jin sa. Inna ta dafa mata citta da kanumfari, ta dama mata kunu mai zafi, duk ta sha, amma sai ƙafafuna sun hau take samun barci. Inna ta yi mata nauyi, hannu kuma ba ya kai inda ciwon yake. Yaya takan ce, "Allah ya auna ki daidai da bayana." Ni da ba na iya zama ko na ɗan lokaci, wadda ake kamowa daga kan mangwaron maƙwabta ko bakin layin dogo, sai ga ni tsaye a kanta har ƙafata ta yi tsami, ina jin kaina kamar wata babbar likita.

Aka yi damina biyu a haka. Rannan na hau, sai ta ce, "Wash! Ke Ladi, buhun masara kika haɗiye?" Wasa take yi, har Inna ta yi dariya, amma ni ban ɗauki maganar da wasa ba. Na ga idan na ƙara girma an gama da ni. Sai na shiga ƙin abinci. In an zuba tuwo in gutsura kaɗan in tura wa kaji sauran a bayan madafi. In an aike ni famfo in tafi da gudu in dawo da gudu, wai don in zube. Na daina zuwa wurin Iya Bose, Bayarabiyar da ke ɗakin kusa da namu, wadda ke ba ni alale kullum. Inna ta ɗauka tsutsar ciki ce, ta ɗura mini maɗaci har na yi kuka, ban faɗa ba.

Yaya ce ta kama ni ina juye tuwon. Ta riƙe kunnena ta ja ni ɗaki, na fashe da kuka na gaya mata. Ta jawo kwanon gabana ta ce, "Sakarya. Ki rame ki zama tsinke, da me za ki taka ni? Ci, in ga bayan kwanon nan." Da hannunta ta ba ni har ya ƙare. Da watan ya zagayo, Bose, 'yar Iya mai shekara shida, aka kira ta hau bayan Yaya. Na tsaya a bakin ƙofa ina ce mata ta ɗan matsa hagu, ba ta san wurin ba. Yaya ta miƙo hannu ba tare da ta ɗago ba, ta riƙe idon sawuna har ta yi barci.

Yanzu ina zaune a Samaru, a gidan da mijina Malam ya rasu ya bar ni. Ɗalibai 'yan mata ke haya a ɗakunan, ɗaya daga cikinsu ce ma ke rubuta mini wannan. In nasu ciwon ya zo, sai su sayo ƙwaya a kemis, su haɗiya, su ɗauki sabuwar wayar nan ta hannu su tafi lacca. Na yi musu murna, wallahi, don na ga abin da Yaya ta sha. Amma Yaya ta riga mu gidan gaskiya, Malam ya bi ta, kuma ina kukan rashinsu ba na ɓoyewa. Yau bayana ne ke hana ni zama, in kwanta in tashi in zagaya tsakar gida. Duk gidan nan babu ƙaramar ƙafa ko ɗaya.