Filin Shanyar Kawu

Kawuna mai wanki ne, kuma tun ina goye yake shanya a filin bayan unguwarmu. Shi ya kafa turakun, shi ya ja igiyoyin, shi yake tsince ƙaya da hannunsa don kada ta yagi rigar wani. Ga shi da kunyar tsiya. Ko ɗan kamfai zai shanya sai ya lulluɓe shi da zani, wai sirrin mutane amana ne.

Da aka ce ma'aikatan tsara gari za su zo su duba ko akwai mai amfani da filin, sai kunyar nan ta motsa. Tun da safe ya kwashe kaya da danshinsu, ya kwance igiyoyi, ya tuge turaku, ya share wurin tas.

Na ce, "Kawu, me kake yi haka?"

"Manyan baƙi za su zo, 'yar nan. In bari su ga tsummokaran mutane, a ce mu ƙazamai ne?"

Suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafi.

Ranar taron jin ra'ayin jama'a, a wani aji na makarantar firamare, aka manna hoton a allo. Kawu har zungura ta ya yi yana murmushi, wai in ga yadda wurin ya yi kyau. Sai jami'in tsara gari ya ce ga shi kowa ya gani, fili ne da babu mai amfani da shi, ana so a gina shaguna, mai magana ya yi.

Kawu ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a nan nake shanya."

"Baba, ina igiyar? Mu da muka je ko ƙyalle ba mu gani ba."

Aka kwashe da dariya, ya koma ya zauna. Da aka ce masu son shaguna su ɗaga hannu, na bi hannayen rigunan da kallo. Yawancinsu karin gugarsa ne. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yanzu a lungun gidanmu yake shanya, inda rana ba ta shiga. Kaya suna warin danshi, masu kawowa suna ta janyewa, shi kuma bai taɓa zagin kowa ba.

Kwanan baya muka bi ta gaban shagunan. Ya tsaya, ya sunkuya da ƙyar, ya tsinci wata ƙusa a ƙasa ya jefa aljihu.

Ya ce, "Kada ta yagi rigar wani."