Turaren da Na Daina Sakawa

Shekarun baya, lokacin da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ciwon suga ya kama maigidana. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta min. Abin da zan faɗa da kunya, amma wanda nake jin kunyarsa yana ƙarƙashin ƙasa.

Baduku ne, a unguwar Madabo muke zaune. Tun ina amarya, in la'asar ta yi nakan sa turaren wuta a ɗaki. Shi ne maganar da baki ba ya yi tsakaninmu. Da ciwon ya yi nisa, sai na ga in ya ji ƙamshin ya tsaya a bakin ƙofa ya juya zaure.

Wata rana da hantsi ya zauna nesa da ni, kansa a ƙasa. Ya ce, "Hajiya, na daina zama namiji. Likita ya ce jijiyoyin ne suka yi sanyi. Amma akwai wani inji, ana liƙa wa mutum waya a mara, wutar lantarki kaɗan-kaɗan ta riƙa tashinsu."

Na ce, "Malam, kai da ko ƙwan fitila ba ka iya canzawa sai an kira maƙwabci? Kada su babbake min kai kamar kan rago."

Ya yi dariya har da hawaye. Ita ce dariyarsa ta ƙarshe da na riƙe.

Ya yi ta zuwa asibitin da injin yake. Wani lokaci ya dawo ya ce an ɗauke wuta, wani lokaci ya ce ya ji kamar tururuwa na tafiya a jikinsa. Bayan nan sai ya daina cewa komai. Na gane ba a dace ba.

Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina wannan ƙamshi tamkar tambaya ce nake masa kullum, alhali ba shi da amsa. Sai na kife kaskon turaren a bayan gado. Ni a nufina ya shigo ya zauna kawai, mu ci tuwo, ya ba ni labarin kasuwa.

Bai sake shigowa ba. Tabarmarsa ta koma zaure gaba ɗaya, can nake aika masa abinci har ciwon ya kwantar da shi.

Ina cikin takaba ƙanwarsa ta ce min, "Yaya ya taɓa ce min, ran da ya daina jin ƙamshi a gidan nan ya san kin fid da rai da shi."

Wayyo Allah. Ni na kashe garwashi don ya huta, shi kuma ya ɗauka ƙofa na rufe.

Mutane na cewa lokaci na warkar da komai. Ni dai bai warkar da ni ba. Har yau in la'asar ta yi ina sa turaren, in ɗage labule ta wajen zaure, in zauna har garwashin ya mutu. Allah Ya jiƙan Malam.