Madubin Gwaggo

Masana sun raba tarihin ƙasar nan gida-gida, kowa da inda ya ja layinsa. Mu a gidanmu na Unguwar Kanawa kashi biyu ne kawai: kafin a huda ƙofar motar Baba, da bayan an huda. Har yau in na ji ƙaurin walda, wannan huda nake tunawa.

Motar baƙa ce, ƙirar Ingila, ta girme ni nesa ba kusa ba. Sitiyarinta a dama yake, da madubi ɗaya tal a gefen direba. Hakan bai dami kowa ba sai shekarar da aka yi canjin hannu, tuƙi ya koma dama. Aka wayi gari Baba yana zaune ta bakin kwata, madubinsa na nuna masa masu tallan gyaɗa da awaki, motocin da za su iya kashe shi kuwa duk suna ta hagu, inda ba ya gani.

Hankali ya ce a ƙara madubi. Baba ya ce wanda ya ƙera motar bai bar rami a wurin ba, shi kuma ba zai gyara wa maƙeri aikinsa ba. Sai Gwaggo, yayarsa, wadda yake saukewa kullum a rumfarta ta atamfa, ta zama madubin. Takan leƙa ta taga ta ce wuce, ko dakata. Matsalar ita ce wannan madubi yana da baki. Daga gida zuwa kasuwa sai ta bi ta kan tuƙinsa, da hularsa, da yadda ya ƙi cin tuwo tun yana goye. Mu a baya muna kallon ƙeyarsa tana gumi.

Shekara uku ya jure. Wata safiya ta damina, ruwa ya jiƙa mata mayafi, ta zuge gilashi ta ce yau idonta na hutu. Muka tsaya a bakin babban titi, direbobin baya na ta danna mana oda, har aka buga ƙararrawar makarantarmu. A ranar ya yi rantsuwa zai sa madubi, ya riƙa fita shi kaɗai kamar kowane magidanci.

Aka nufi garejin wani bakanike a Kurmin Mashi, da Gwaggo mana, don ba ya iya zuwa ba ita. Da bakaniken ya ɗora abin huda a kan fenti, Baba ya runtse ido, ya ce bari ya je ya yi la'asar. Ya daɗe a sallar nan fiye da yadda litattafan fiƙihu suka buƙata.

Bakaniken ya huda rami biyu, ya kafa madubin, ya ga yana rawa. Ya juya shi, ya tambayi wadda ya tarar a motar.

"Hajiya, kina ganin baya?"

"Tar nake gani, ɗan nan."

Sai ya bi shi da walda, don kada ya sake motsi har abada. Mutum ne mai riƙon amana.

Baba ya dawo ya zauna a mazauninsa, ya duba. Abin da ya gani shi ne gefen motarsa, baƙi, yana sheƙi. Bakaniken ya ce gyara sai an ɓalle an sake wasu ramukan.

"Biyu ma na yi haƙuri ne," in ji Baba.

"To tayar mu tafi, Auta," in ji Gwaggo. "Babu kowa."

Yanzu motata da ɗan maɓalli nake juya madubanta, ba wanda ke gaya mini komai a hanya, wani lokaci har shirun ya dame ni. Motar Baba kuwa ta ƙara shekara tara a kan titi. Madubin bai taɓa tsagewa ba, Baba bai taɓa ganin mota a cikinsa ba. Gwaggo dai ta daina jiƙewa.