Ramukan Fiyus a Jar Motar Baba Malam

Har yau ranar da Baba Malam Dogara ya shigo garejinmu da jar motarsa ba ta fita a raina ba. Makon Ista ne, lokacin ina janiman a wurin ogana Alhaji Sani mai rewaya, wato gyaran wutar mota, a nan Kafanchan. Janiman shi ne wanda ya gama koyo aka yaye shi, amma bai buɗe nasa wurin ba tukuna.

Baba Malam tsohon hedimasta ne, mutumin Kauru. Da ya yi ritaya sai ya sayi abin da yake sha'awa tun yana saurayi, wato ƙaramar motar tsere, tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa da ita. Mutane sun yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Niyyarsa ranar Lahadi ya ɗauki matarsa, Mama Rifkatu, su je Kauru su yi godiya a cocin da aka ɗaura musu aure. Tare suka zo garejin.

Ya ce wa oga, "Alhaji, rediyo shiru, madubin gefe ba ya motsi, fitilar but, inda ake sa kaya, ma ba ta kamawa. An ce fiyus ne babu. A sa mini kawai."

Oga ya ce in duba. Ga wanda bai sani ba, fiyus kamar mai gadi ne. In wuta ta yi yawa a kan waya, shi ne yake ƙonewa don kada wayar ta ƙone. Da na buɗe akwatin na ga ramuka ba komai a ciki. A ramin fitilar birki kuma, maimakon fiyus, wani ya cusa guntun jar waya. Baba Malam ya ce a Jere aka sa masa, ranar da ya taho da motar daga Abuja, bayan wani direba ya gaya masa fitilar birkinsa ba ta kamawa.

Sai Mama ta matso ta ce, "Ɗana, ni dai ina jin ƙauri a motar nan."

"Ba ta saba da irinta ba ne," in ji Baba Malam yana murmushi.

Na tambaye ta yaushe take jin ƙaurin. Ta ce in ya daɗe da ƙafa a kan birki, kamar a gangara ko a shingen bincike, kuma daga bayan kujerarta yake fitowa.

Gareji cike yake da motocin masu tafiya gida biki. Oga ya ce, "Bitrus, mutane na jira." Na ce, "Oga, waɗannan fiyus ɗin cire su aka yi. Ina jin ƙonewa suke ta yi, mai sayar da motar ya gaji ya bar ramukan haka. Ina so in san abin da ke ƙona su." Ya dube ni, ya dubi jar wayar a hannuna, ya ce, "Ka bi ta har ƙarshe. Sauran motocin ni zan ji da su."

Na sa fiyus mai lambar da ta dace a ramin fitilar birki, na taka birki, nan take ya ƙone. Wannan ya nuna waya tana taɓa ƙarfen mota a wani wuri. Na cire kan batir, na ɗauko mitar gwada wuta, na riƙa bin wayar gaɓa-gaɓa daga ƙarƙashin sitiyari zuwa baya. Gaba lafiya lau. Da na kwance kujerar Mama na ɗaga kafet, sai ga tabon walda. Ashe an taɓa bugun motar ta baya tun a can waje, kuma wanda ya gyara jikin ya matse damin wayoyi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Robar ta narke, wayoyin birki da na rediyo da na madubi sun manne da juna, sun yi baƙi ƙirin. A irin wannan mota tankin mai yana bayan kujeru ne, kuma tiyon fetur na kwance dab da wurin. Har gefensa ya fara laushi.

Na kira su suka leƙa. Baba Malam ya cire tabarau. Sai ya juya ya ce, "Rifkatu, hancinki ya cece mu." Ta ce, "Ubangiji ne."

Gyaran ya kai ni washegari. Na yanke duk inda ya ƙone, na haɗa sabuwar waya da dalma, na sa mata riga, na canza mata hanya nesa da tanki. Makanike maƙwabcinmu ya canza tiyon. Kowane rami na sa masa fiyus daidai lambarsa. Oga da kansa ya shiga ya danne birki ya daɗe, ya fito ya taɓa wayar, ya ji ta da sanyi. Ya ce, "Aiki ya yi." Alhaji Sani ba mai yawan yabo ba ne, don haka kalmar nan ta faranta mini rai.

Sun je Kauru sun dawo lafiya. Mama ta kawo mana acca, ta ce a gaban ikilisiya ta yi mana addu'a, ni da Alhaji, da sunayenmu.

Ku da kuke tasowa a sana'ar nan, in kun ga ramin fiyus ba komai, ku nemi dalili kafin ku cike shi, kuma kada hannunku ya taɓa sa waya a madadinsa, ko mai mota na sauri. Sannan ku saurari duk wanda ke zama a cikin motar, ba mai tuƙi kaɗai ba. Ni tun daga ranar, kafin in ɗauko mita, sai na tambayi wa ke zama a ɗaya kujerar, da abin da yake ji.