Rigunan Adudun Gwadabe

To, Gwadabe dai ba ɗan Zazzau ba ne can asali. Daga wajen Kudan ya zo, lokacin da Tudun Wada take 'yan bukkoki da gonakin dawa, Turawa ba su daɗe da shimfiɗa hanyar jirgi ba. Ya samu aiki a sito na wani kamfani kusa da tasha, masu sayen auduga da gyaɗa. Shi ke ɗinke bakin buhu, shi ke ɗora wa 'yan dako. Ya shiga aikin nan gemunsa baƙi ƙirin, bai bar shi ba sai da ya yi fari fat.

Yana da aboki, Malam Ezekiyel, Kirista ne, malamin asibiti. Shi aikinsa na gwamnati ne, an ce masa in ya tsufa za a riƙa ba shi fansho. Kullum in sun haɗu gindin durumi sai ya ce, "Malam Gwadabe, kai fa babu mai ba ka fansho. Ka riƙa kai ɗan abin da ka samu gidan waya su ajiye maka."

Gwadabe ya ce, "Ni? In ba Bature kuɗina ya ba ni takarda? In yunwa ta zo takardar zan tafasa?"

Shi abin da ya gani wurin ubansa shi ya riƙe. A zamanin uban, mutum in yana da babbar riga a ajiye, to ya gama da tsufa, don ko yaushe ya kai ta kasuwa za ta yi kuɗinta, har ma ta fi. Kuɗin wuri ya mutu a kan idon Gwadabe, mutane suna zubar da shi kamar tsakuwa, amma bai taɓa ganin riga ta mutu ba. Saboda haka duk sanda ya tara ɗan abu, sai ya shiga birni ya sayo riga. Akwai saƙi, akwai kore mai sheƙi, akwai wata tsamiya mai aska takwas da ya fi so duk a ciki. Ya ninke su cikin adudu, ya sa saiwar jema don ƙamshi da korar ƙwari. Bai taɓa sa ko ɗaya ba, ko ran salla. Shi da 'yar taguwarsa dai.

Matarsa Talatu takan ce, "Malam, ko sau ɗaya ka sa mu gani mana."

Ya ce, "Wannan ba riga ba ce, Talatu, tuwon tsufanmu ne." Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ya yi rantsuwa ba zai tsufa a ƙofar gidan wani yana jiran a miƙo masa akushi ba.

Sai shekarun nan suka zo da kasuwa ta faɗi. Gyaɗa ta zama ba ta da daraja, auduga manomi ya kawo ya koma da ita. Kamfani ya sallami tsofaffin ma'aikata, Gwadabe na ciki, ba ko sisin sallama. Bai damu ba. Ya dawo gida har yana murmushi, ya buɗe adudu, ya ɗauki saƙi ya ba Labaran dillali.

Da la'asar sai ga Labaran ya dawo, kafaɗarsa cike da riguna, ya jibge su a zaure. Ya ce, "Baba Gwadabe, ka ga waɗannan? Duk na masu neman kuɗin haraji ne. Kowa sayarwa yake, mai saye ne babu. Taka an taya, amma kunya ta hana ni sallamawa. Ko ɗan akuya ba zai saya maka ba."

Ranar Gwadabe bai ci tuwo ba. Ashe abin da bai lissafa ba ke nan, ranar da zai buƙaci sayarwa, ranar ce kowa ma zai fito da tasa.

Haka aka shiga damina. Talatu ce ke riƙe da gidan da ɗan ƙosan da take soyawa. Shi ma Ezekiyel an rage musu albashi, amma yakan aiko da tiyar gero, Gwadabe ya sa a mayar. Ezekiyel ya zo da kansa ya ce, "Wai kai girman kan nan a adudu ka ajiye shi shi ma?"

Ana nan sai maƙwabcinsu Mahmudu ya yi sallama. Ɗansa Kailani zai yi aure a Gyallesu, ga shi babu rigar da zai shiga cikin surukai da ita. Mahmudu ya durƙusa ya ce, "Malam, aro na zo. Yini ɗaya."

Gwadabe ya ce zai yi shawara. Ya shiga ɗaki ya tasa adudu gaba. Ya san rigar da aka sa sau ɗaya ta tashi daga sabuwa, dillali na shinshina wuyanta ya gane. Talatu ta leƙo ta ce, "Malam, sabuwar ma wa ya saya? Yaron nan a gabanmu aka yanke masa cibiya."

Sai Gwadabe ya zaro tsamiyar nan da ya fi so. Ya ce, "In za a yi, a yi mai kyau."

Rigar ta dawo da ɗigon goro a gaba. Gwadabe na gani zuciyarsa ta yi baƙi. Amma ba ita kaɗai ta dawo ba. Da, ba a mai da kayan aro hannu sake, abin kunya ne. Mahmudu ya haɗo da ƙwaryar dawa da cinyar rago. Gwadabe ya buɗe baki zai ce a mayar, Talatu ta ce, "A'a, wannan ba sadaka ba ce, tukwicin rigarka ne." Ya tsaya yana duban dawar nan. Can ya ce ta ɗora tukunya.

To, 'yan biki sun ga riga a jikin ango, aka yi ta tambaya. Kasuwa ta mutu amma aure bai mutu ba, suna bai mutu ba, kuma masu riguna duk sun sayar. Sai ga mutane daga Gyallesu, daga Dutsen Abba, mai zuwa neman aure, mai zuwa gaida surukai. Wani ya kawo gero, wani man gyaɗa, wani kaza. Gwadabe bai taɓa yanka wa kowa farashi ba. Shi dai ya ce, "Ban da goro a baki, ban da zama kusa da fitila."

Rigunan suka yi ta tsufa tare da shi. Saƙi ta fara mutuwa, kore ta koɗe. Wata Juma'a sai ga Gwadabe ya fito cikin tsamiyar, wuya duk ya sule, yana takawa sannu da sanda. Ezekiyel ya tafa hannu ya ce, "Yau ina za a ɗaura aure?"

Ya ce, "Kowa ya sa ta a garin nan sai ni. Na aro wurin Talatu."

Da ya rasu aka buɗe adudun, tsummoki ne kawai da ƙamshin jema. Amma har Allah ya karɓi ransa, tuwon gidansa ya ci.